Minti Ashirin na Ƙarshe

Litinin, ƙarfe bakwai na yamma

Littafin shirin darasi ne wannan, amma rabinsa fari fat yake, bari in ci moriyarsa. Mai Agogo ne ya ja min. Maigidana ke nan. Haka nake ce masa tun ranar da na kai masa agogon hannuna gyara ya riƙe shi wata guda cur don in yi ta zarya, yau shekara ashirin da shida. Kwanansa biyar a asibiti. An yi masa aiki a ido ɗaya an naɗe da bandeji, ɗayan kuwa tun yana yaro ba ya gani da shi, don haka yanzu duhu ne gaba ɗaya. Likita ya ce ya kwanta rub da ciki, fuska cikin wani matashi mai rami a tsakiya. A haka, yana magana da ƙasan gado, ya ba ni aiki.

"Malama, ƙarfe nawa kike tashi daga makaranta?"

"Ka sani sarai. Ɗaya da rabi."

"Nan kuma ba sa barin masu dubiya su shigo sai huɗu. Me kike yi a tsakani?"

Na ce ina zama a bencin bakin ƙofa. Ya ce ai ya sani, nas ta gaya masa. Wai daga gobe in riƙa zuwa silima, fim ɗin ƙarfe biyu, in zauna a kujerarsa in kalla masa, in zo in ba shi labari. Sababbi sun fito da yawa wannan watan, yana kwance za su wuce shi.

Ni ba 'yar silima ba ce, shi ne mayen. Duk Asabar sai ya rufe shago ya tafi. In na ga dama in bi shi sau ɗaya a wata biyu, in yi barcina a kafaɗarsa, ya tashe ni in an kunna fitilu. Na tuna masa haka. Ya ce to wannan karon babu kafaɗa, sai in yi maneji.

Talata, ƙarfe bakwai da rabi

Na je. Layi na tara, kujerar bakin hanya, saboda ƙafafunsa dogaye ne yana son inda zai miƙe su. Nawa da ƙyar suke taɓa ƙasa. Mai tikiti, wata doguwar yarinya mai taunar cingam, ta ce, "Mama, ina Baba mai agogo? Ba mu gan shi ba ran Asabar." Na ce ya yi tafiya. Ban san me ya sa na ce haka ba.

Fim ɗin faɗa ne. Wani tsohon soja ya ajiye bindiga ya buɗe gidan burodi, sai 'yan iska suka sace masa ƙanwa. Daga nan fa sai duka. Mutum ɗaya ya tumurmusa arba'in, ya faɗo daga bene hawa uku, ya ratsa ta cikin wuta, amma farar rigarsa ko yamutsewa ba ta yi ba. Ni da nake yi wa namiji guga shekara ashirin da shida, wannan ƙaryar ba za ta shige ni ba. Amma wurin da yake kwaɓa fulawa da sassafe shi kaɗai, hasken taga na sauka a hannuwansa, ya yi min kyau ƙwarai. Da sun bar shi da burodinsa awa biyu da na fi jin daɗi.

Ga inda matsalar take. Daga silima zuwa asibiti minti ashirin ne a ƙafa. Huɗu saura ashirin na duba agogona, lokacin bos, shugaban 'yan iskan, ya ɗaure jarumin a kujera yana zuba masa surutu. Na ɗau jakata na fito. Ba zan bari ya ji an buɗe ƙofa matan mutane suna shigowa ni babu ni ba.

Na ba shi labari tiryan-tiryan har wurin kujerar. Sai ya ce, "Sai me ya faru?"

Wallahi ban shirya ba, bakina ne kawai ya tafi. Na ce ƙanwar ce ta kwance kanta, ta lallaɓo ta baya ta maka wa bos tiren burodi, suka koma gida ya gasa mata mai zafi suka ci.

"A ina ta samu tire?"

"Ni na sani? In ka tashi ka je ka gani da idonka."

Ya yi ta dariya har matashin na girgiza.

Alhamis, ƙarfe takwas

Na soyayya yau. Mai fentin gidaje da mai sayar da furanni. Ruwan sama ya yi ta dukansu tun daga farko, babu wanda ya yi ko atishawa. Soyayyar fim dai babu wanke-wanke a cikinta, babu wanda ya manta ya sayo gishiri. Amma yarinyar ta iya kallon mutum, wannan na yarda. Akwai inda ya shafa mata shuɗin fenti a goshi da babban yatsa, ta bar shi ba ta goge ba har washegari. Sai na tuna yadda Mai Agogo ke kama wuyan hannuna in zai duba lokaci, alhali agogo bakwai ne a gidan.

An tura mai fentin aiki wata ƙasa. Huɗu saura ashirin tana gudu zuwa tashar jirgin ƙasa, ni ma ina gudu zuwa tawa.

Na ce jirgin ne ya lalace, ta same shi zaune a kan akwatinsa. Tsohon direban da ke gadon kusa, wanda aka cire wa yanar ido, ashe yana kasa kunne. Ya ce, "Malama, jirgi ba ya lalacewa haka kawai, sai dai in birki ne." Na ce to birkin ne. Ya ce yanzu ya ji magana. Mai Agogo ya ce wannan sai ya je ya gani. Na ce za ka gani.

Juma'a, ƙarfe shida da rabi na safe

Agogon falo ya tsaya a tara da minti goma. Ban san inda yake ajiye makullin wana shi ba.

Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Babu makaranta. Yaya, wato yayarsa, ita ke kai masa abincin safe, don haka ina gida ni da agogai. Shida ke tafiya yanzu, kowanne da muryarsa. Da ba na jin su sam. Yanzu ina wanki ina jin na ɗakin kwana yana rigan na kicin.

Na share teburinsa na gida ban taɓa komai ba. Gilashin nan na ido ɗaya da yake maƙalawa yana nan inda ya ajiye shi ranar da ganinsa ya ɗauke. Yana zaune da agogon wata mata a buɗe gabansa, ya ce, "Malama, kunna min fitilar nan." Na juyo daga bakin ƙofa. Fitilar a kunne take, har kan teburin ya yi zafi.

'Yarmu ta kira daga garin mijinta. Na ce jiki da sauƙi, kar ta taso da tsohon ciki.

Litinin, ƙarfe bakwai

Likita ya kira ni baranda. Matashi ne, yana da ladabi, yana ta juya biro a hannu. Ba zan rubuta abin da ya ce ba. Za su sake shiga da shi jibi, wai ko don a ceto abin da ya saura. Na dai tambaye shi abu ɗaya, ko zai iya ganin hannun agogo. Sai ya kalli takalminsa.

Na roƙe shi kar ya gaya masa tukun, ni zan gaya masa da bakina. Ya ce to.

Da na koma ciki Mai Agogo ya ce yau wane fim. Na ce yau taron malamai muka yi.

Talata, ƙarfe takwas saura

Na ban tsoro. Mata da miji da yara biyu sun tare a wani tsohon gida, gidan kuma tun ranar farko yake ce musu su fita. Ƙofa na rufe kanta, famfo na zubo baƙin ruwa. To ku fita mana. Wace irin uwa ce za ta ji motsi a ɗakin ƙasa ta ɗau kyandir ta sauka ita kaɗai da rigar barci? Da 'yar ajina ce da ta sha ranƙwashi. Wasu 'yan mata a bayana suna ta ihu suna ƙanƙame juna, ni ko gezau.

Sai kyandir ɗin ya mutu, allon ya yi baƙi ƙirin, aka daɗe a haka. Na rufe idona, na ce bari in ji yadda abin yake. Da hasken ya dawo ban buɗe ba. Na ji wani yana taunar gugguru can gaba, na ji fanka, na ji matar cikin fim tana numfashi kamar a kunnena, na ji agogon hannuna. Ashe ɗakin cike yake da abubuwa. Ban san tsawon lokacin da na yi ba. Wannan ne kaɗai ya ba ni tsoro a fim ɗin, kuma ba su suka shirya shi ba.

Ƙarshen da na kai masa: fatalwar tsohuwar mai gidan ce, butar shayinta kawai take nema, aka miƙa mata ta yi godiya ta tafi. Direba ya ce shi ma zai iya tashi daga kabari saboda butarsa. Mai Agogo ya ce, "Ikon Allah, har fatalwa an sallame ta lafiya." Ya yi shiru kamar yana jiran wani abu. Na gyara masa bargo.

Laraba, ƙarfe tara na safe

Sun shiga da shi. Ya ce in tafi aiki, yaran mutane ba su yi laifi ba.

Laraba, ƙarfe bakwai

Sun ce ba za a gan shi ba yau, yana barci. Ban iya komawa gida ba, na shiga silima, abin da na samu katun ne, fim ɗin zane na yara. Wani dodon koɗi ne aka ba wasiƙa ya kai ƙarshen lambu, shi kuma lambun a wurinsa duniya ce guda. Launukan kamar a lashe. Ganye ɗaya sai ya yi yini yana hawa, ga ɗigon raɓa ya fi shi girma, yana ganin fuskarsa a ciki. Iyaye da yara sun cika ɗakin suna ƙyalƙyala dariya, ni kuwa ƙatuwar mace da furfura ina sharɓar kuka saboda dodon koɗi.

Babu inda zan je yau, amma huɗu saura ashirin sai ga ni a waje da jaka a kafaɗa. Ƙafata ce ta fito da ni. Ban san ko ya kai wasiƙar ba.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Yaya ta biyo ni gida. Tana shiga falo ta kalli agogon da ya tsaya, ta ja kujera ta hau, ta laluba samansa ta sauko da makulli. Wai haka babansu yake ajiyewa. Shekara ashirin da shida ina share gidan nan, tsawona bai taɓa kai ni can ba.

Na gaya mata abin da likita ya ce. Ta zauna ta daɗe tana murza makullin.

"Kar ki gaya masa," in ji ta. "Likita ba Allah ba ne. Mutum yana kwance ki kashe masa zuciya?"

"Yaya, ranar da za a kwance bandejin fa?"

"Ranar ta zo tukun."

Raina ya ɓaci, na ce ai ba ita za ta tsaya a gabansa ranar ba, ni ce zai nema da fuska. Ta ce tun kafin in san shi take goya shi. Daga baya ta tashi ta dafa mana shayi, ta sa min sukari fiye da kima kamar yadda ta saba. Haushin da nake ji ba nata ba ne. Abin da ni ma nake so in ji ne ta faɗa min, shi ya sa.

Ba mu wana agogon ba. Makullin na kan tebur.

Litinin, ƙarfe bakwai da rabi

An sallami direba. Aka kwance masa bandeji, ya kalli ɗakin, ya kalle ni, ya ce, "Ashe Malama gajera ce, muryar ta fi ta." Kowa ya yi dariya, har da ni. Ya yi wa Mai Agogo sallama ya ce saura kai. Na fita baranda na tsaya kallon motoci.

An bar shi ya zauna yanzu, ba sai rub da ciki ba. Na ga fuskarsa sosai karon farko cikin kusan mako uku. Ya rame, gemu ya fito fari.

Fim ɗin yau na sararin samaniya ne. Mutum ɗaya a cikin kumbo, man ya kusa ƙarewa, in ya yi wa matarsa magana sai bayan awa guda take ji, in ta amsa sai bayan wata awar. Ba a yin komai a fim ɗin, cokali ne kawai ke yawo a iska. Wasu sun tashi sun fita suna tsaki. Ni ya yi min, duk cikinsu shi ya fi kwanta min. Shuɗin duniya ta ƙaramar tagarsa, da shirun. Na ɗan gyangyaɗa, sai na ga Mai Agogo ne a ciki da rigarsa ta shago, ƙananan kusoshin agogo suna shawagi kewaye da kansa, yana kama su ɗaya-ɗaya da hantsaki yana cewa in riƙe masa. Na buɗe tafin hannuna, na farka a haka.

Na ce masa mutumin ya dawo, ya faɗo cikin teku, matar na jiransa a bakin ruwa da tawul.

"Da wane mai ya dawo?"

"Ya samu a hanya."

"A hanya," in ji shi. Ya gyaɗa kai a hankali.

Laraba, ƙarfe bakwai

Na barkwanci. 'Yan'uwa uku suna ƙoƙarin hawa da firji bene hawa shida. Sau huɗu firjin na gangarowa. Na farko na yi murmushi, na huɗu na ji kamar in shiga in taya su a huta. Wanda ya rubuta shi yana ganin in mutum ya faɗi shi ke nan an yi abin dariya. Ya zo ajina ya ga yadda ake yi.

Ina fita mai tikiti ta tare ni. "Mama, kullum sai ki fita ana tsakiyar daɗi. In gaya miki yadda suke ƙarewa?"

Na ce wa ya tambaye ta, ta ji da cingam ɗinta. Na yi taku uku na dawo. Na ce ta yi haƙuri, Baba ba tafiya ya yi ba, yana asibiti, idonsa ne. Na ce ba zai dawo ba, idon. Haka na faɗa mata a tsaye, yarinyar da ban san ko sunanta ba. Ta cire cingam ɗin daga bakinta ta rasa inda za ta sa shi.

Na makara minti biyar. Yana zaune fuskarsa na kallon ƙofa.

Alhamis, ƙarfe takwas

Saura kaɗan asirina ya tonu. Nas tana canza masa ruwa, yana ba ta labarin fim ɗin mai fenti, ya kai wurin birki. Ta ce, "A'a Baba, ai na kalle shi, jirgin ya tafi, ba ta same shi ba."

Ya ce, "'Yata, wanda kika gani daban ne. Na matata ya fi."

Ta kalle ni, na kalli kwanon abinci.

Juma'a, ƙarfe shida

Likita ya ce Alhamis mai zuwa za su kwance. In ban gaya masa kafin nan ba, shi zai gaya masa. Agogon kicin ma ya tsaya.

Litinin, ƙarfe bakwai

Na kotu yau. Lauya mace, surutu kamar an kunna rediyo, amma ta iya sa kaya. Ina cikin ba shi labari, na kai inda alƙali ya ɗaga guduma, ina shirin sakin wanda ake tuhuma ya tafi gida ya ci abinci, sai ya laluba ya kama wuyan hannuna.

"Malama, tsaya. Fim ɗin ƙarfe biyu, awa biyu ne, ko da 'yan mintuna. Daga can zuwa nan minti ashirin ne da ƙafarki, ashirin da biyar in kin sa takalmin nan mai ƙara. Ke kuma huɗu daidai kike shigowa. Shekara talatin ina gyaran agogo."

Na ce to tun yaushe.

"Tun tiren burodi."

Kunya ta kama ni, haushi ya biyo baya. Na ce shi ne ya bar ni ina ta zuba kamar sakarya mako uku. Ya ce ai daɗi yake ji, bai taɓa sanin na iya ba, duk fim ɗina sai an koma gida an ci abinci. Sannan ya daina dariya.

"Amma ina so ki zauna ki ga guda ɗaya har ƙarshe. Ki makara, ba inda zan je. Ki zo ki gaya min yadda ya ƙare da gaske, ko da bai yi daɗi ba. Zan iya ɗauka."

Bai saki hannuna ba sai da nas ta zo ta ce lokaci ya yi.

Talata, ƙarfe shida da rabi

Ban je silima ba. Na koma bencina na bakin ƙofa. Bai tambaye ni ba.

Laraba, ƙarfe takwas

Na zauna har ƙarshe.

Na wasanni ne. Wata yarinya mai tsere, babanta makaniki ne, shi ke riƙe mata agogo in tana gudu a bayan gareji. Shekara huɗu tana shiri. Na ce a raina na san wannan, za ta ci, a ɗaga ta sama, a sa kiɗa. Aka yi tseren. Ta zo ta huɗu. Na duba agogona, huɗu saura ashirin daidai. Na riƙe hannun kujera da hannu biyu don kar ƙafata ta ɗauke ni.

To me ya rage kuma da za su nuna? Ashe da saura. Ta zauna a ƙasa ta kwance igiyar takalminta, an daɗe ana nuna yatsunta. Suka hau mota ita da baban, ba mai magana. A hanya taya ta yi faci, suka sauka, ta riƙe masa fitila yana canzawa, ya ce ta haska nan ba can ba, ta ce ai nan take haskawa, suka ɗan yi cacar baki. Suka isa gida. Ƙanwarta ta cinye mata abincin da aka ajiye. Da safe ta fito bayan gareji ta tsaya, baban ya leƙo da kofi a hannu. Shi ke nan, aka kunna fitilu. Ban taɓa ganin fitilun nan sun kunnu ina farke ba.

Huɗu da ashirin da biyar na shiga. Na ja kujera na ba shi labarin duka, ban ƙara ko gishiri ba. Ya ce, "Ta huɗu." Na ce ta huɗu. Ya ce wurin tayar nan ya yi, irinsu yake zuwa kallo.

Sai na ce, "Akwai wani kuma."

"Ina ji."

Na gaya masa. Abin da likita ya ce a baranda, da ranar da ya faɗa, da tambayar da na yi, da takalmin da ya kalla. Muryata ba ta yi rawa ba sai a wurin hannun agogo.

Na zaci tunda ya gane na fim ya gane wannan ma, zai zo masa da sauƙi. Bai zo da sauƙi ba. Na ga hannunsa na laluben bakin bargo. Ya ce ya yi zargi tun ranar fatalwa, da na daina cewa in ya tashi ya je ya gani, amma zargi daban, ji daban. Bandejin ya jiƙe ta ƙasa. Na ce ya yafe min. Ya ce, "Agogon matar nan yana kan tebur a buɗe. Ki rufe shi da kofi kar ƙura ta shiga, a kai wa wani ya ƙarasa."

Da na dawo na rufe shi. Sannan na hau kujera na wana na falo, na saita shi da na hannuna.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Sun kwance. Ni da Yaya muna tsaye. Ya juya kai a hankali ya tsaya a wajen taga, ya ce, "Can akwai haske." Likita ya ce eh. Ya juyo wajenmu ya ce, "Wannan inuwar gajeriyar tawa ce." Yaya ta fita da sauri.

Asabar ta sama, ƙarfe bakwai na yamma

Kwanansa takwas a gida. Ya san kowane agogo da murya, ya ce na ɗakin kwana yana gaba da minti biyu, na duba, haka ne. Akwai ranakun da ba ya son magana, in na kai abinci sai in dawo in same shi yadda na ajiye. Jiya ya buge ƙafa da kujera ya yi min faɗan da bai taɓa yi ba, ni ma na rama, daga baya muka sha shayi.

Yau ya ce Asabar ce. Na ce na sani. Ya ce to me muke jira.

Mai tikiti na ganinmu ta zagayo ta buɗe mana ƙofa da kanta, ta ce, "Baba, sannu da dawowa." Layi na tara. Ya miƙe ƙafafunsa a hanya, na zauna ta ciki. Wani sabon fim ne, na masu hawan dutse, ƙanƙara ta rufe ko'ina fari fat. Ya ce yana ganin haske yana motsi, kamar labule in iska ta taɓa shi. Na sa bakina a kunnensa ina gaya masa: ga su uku, ga igiya, na tsakiyan ne matsoraci, jar hular ba ta yi masa kyau ba. Ya ce in bar hula in faɗi abin da ke faruwa. Wani a gaba ya juyo zai yi magana, ya kalle mu, ya mayar da kansa.

Ban san lokacin da na yi ba. Igiyar ta fara tsinkewa, sai kawai na ji ni a tsaye, jaka a kafaɗa, ina neman hanyar tsallake ƙafafunsa. Ya kama wuyan hannuna, daidai kan agogon.

"Ina za ki, Malama? Ai ga ni nan."

Na koma na zauna. Ya matso da kunnensa.

"Sai me ya faru?"

Na kalli allon na gaya masa.